Dokar tare hanya a wasan sofbol da ƙa'idojin ƙalubalantar hukuncin alƙali

Tare hanya na cikin dokokin da suka fi haddasa gardama a wasan sofbol. A taƙaice, laifi ne da ɗan wasan da ke tsaron fili yake aikatawa idan ya hana mai gudu wucewa ko ya rage masa sauri, alhali ƙwallo ba ta hannunsa, kuma ba ƙwallon da aka bugo yake ƙoƙarin kamawa ba. Hukunci ɗaya a kan wannan doka yana iya mayar da wanda aka fitar cikin wasa, ko ya ba ƙungiya makin da zai raba gardama. Haka kuma ƙungiyar da ke ganin an zalunce ta tana iya rasa damar ƙorafi baki ɗaya idan kocinta ya yi jinkiri har aka sake jefa ƙwallo sau ɗaya.

Wasan da matsayinsa a Najeriya

An fara wasan sofbol a birnin Chicago na Amurka a shekarar 1887, a matsayin wani nau'i na besbol da ake bugawa a cikin ɗaki. An kafa hukumarsa ta duniya a 1952, sannan a 2013 ta haɗe da ta besbol suka zama hukuma ɗaya, wato WBSC, mai hedikwata a Suwizalan. Ita ce ke fitar da kundin dokokin da ake bi a gasannin ƙasa da ƙasa. Sofbol na mata ya kasance cikin wasannin Olamfik daga 1996 zuwa 2008, ya dawo a gasar Tokyo da aka yi a 2021, inda Japan ta doke Amurka da ci 2 da nema a wasan ƙarshe, kuma an sake sanya shi cikin gasar 2028.

A Najeriya hukuma ɗaya ce ke kula da besbol da sofbol. Wasannin biyu suna cikin waɗanda aka fafata a gasar wasannin Afirka karo na 8 da Abuja ta karɓi baƙunci a watan Oktoban 2003, kuma babban filin wasa na ƙasa da aka gina domin gasar, wanda aka raɗa wa sunan Moshood Abiola a 2019, yana da sashen da aka keɓe musu.

Ƙungiyoyi biyu ne ke karawa, kowace da 'yan wasa 9 a nau'in da ake jifa da sauri. Ɗaya tana bugu, ɗaya tana tsaro, sai su yi musaya bayan an fitar da mutum 3. Wasa yana da zagaye 7. A filin akwai tasha ta ɗaya da ta biyu da ta uku, sai gida, kuma tsakanin kowace tasha da mai bi mata mita 18.29 ne. Mai bugu yana zama mai gudu da zarar ya buga ƙwallo, kuma ana samun maki ne idan ya zagaya tashoshin uku ya dawo gida ba tare da an fitar da shi ba. Saboda gajartar tazarar, taku ɗaya da aka ɓata wa mai gudu ya isa ya sa ƙwallo ta riga shi isa.

Mai kallon da ya saba da langa zai lura da bambanci nan take. A langa, tare ruwa don kada ya kai ga sha shi ne aikin abokan hamayya. A sofbol kuwa hanya ta mai gudu ce, sai a yanayi biyu kawai da doka ta ba mai tsaro fifiko.

Abin da dokar ta ƙunsa

Yanayi na farko shi ne idan ƙwallo tana hannun mai tsaro kuma yana ƙoƙarin fitar da mai gudun. A nan yana da damar tsayawa a gaban tasha ya jira shi. Na biyu shi ne idan yana ƙoƙarin kama ƙwallon da mai bugu ya bugo. A wannan hali mai gudu ne zai kauce, ko da mai tsaron yana tsaye a tsakiyar hanyarsa.

Ban da waɗannan biyu, duk abin da mai tsaro ya yi da ya kawo wa mai gudu cikas tare hanya ne. Abubuwa uku ne aka fi yi wa gurguwar fahimta.

Na farko, ba sai jiki ya taɓa jiki ba. Idan mai gudu ya rage sauri, ko ya kauce, ko ya yi turus saboda wani ya tsaya masa a hanya ba tare da ƙwallo ba, laifin ya tabbata.

Na biyu, ba a duba niyya. Mai tsaron da ya faɗi ƙasa bayan ƙwallo ta wuce shi, ko wanda ya shagala da kallon ƙwallo a sama har mai gudu ya ci karo da shi, ya aikata laifin ko da bai yi nufi ba.

Na uku, jiran ƙwallon da abokin wasa ya jefo ba hujja ba ce. A da, wasu kundayen dokoki suna yi wa mai tsaro uzuri idan ƙwallo tana dab da isowa hannunsa, amma a dokokin sofbol na duniya na yanzu sai ƙwallon ta shiga hannu tukuna. Tsarin da masu horarwa ke koyarwa shi ne a kama ƙwallo, sannan a tare, sannan a taɓa mai gudu. Wanda ya fara da tarewa ya saɓa doka. A nan sofbol ya bambanta da besbol na ƙwararru a Amurka, inda ake ba alƙali damar ɗaukar mai karɓar jifa a matsayin wanda ke cikin kama ƙwallo.

Dokar ta haɗa da wasu ayyuka. Akwai taɓawar ƙarya, wato mai tsaro ya yi kamar zai taɓa mai gudu da ƙwallo alhali babu komai a hannunsa, don ya sa shi zamewa a ƙasa ko tsayawa. Ana ɗaukar wannan da zafi domin yana jawo rauni a gwiwa da idon sawu, kuma alƙali na iya yin gargaɗi, ya kori wanda ya maimaita. Akwai kuma ture mai gudu daga kan tasha don a fitar da shi, wanda laifi ne ko da ƙwallo tana hannu.

Mai kamun ƙwallo a bayan gida shi ma yana iya tare mai bugu, galibi idan safar hannunsa ta taɓa sandar lokacin da ake kai bugu. Hukuncin wannan daban yake. Idan mai bugun ya isa tasha ta ɗaya lafiya, kuma duk masu gudu sun ci gaba da aƙalla tasha ɗaya, an yafe laifin. Idan ba haka ba, kocin masu bugu yana da zaɓi: ya karɓi sakamakon wasan yadda ya kasance, ko a ba mai bugun tasha ta ɗaya.

Bambancinsa da katsalandan

Sau da yawa 'yan kallo kan haɗa tare hanya da katsalandan, alhali kishiyoyin juna ne. Tare hanya laifin masu tsaro ne. Katsalandan laifin masu bugu ne, kamar mai gudu ya bangaje mai tsaron da ke kama ƙwallon da aka bugo, ko ya kawar da jifa da gangan. A katsalandan ana tsayar da wasa nan take, a fitar da mai laifin.

Tare wa mai gudu hanya ba ya ba shi lasisin ramuwa. Idan mai tsaro yana riƙe da ƙwallo, mai gudu kuma ya zo a tsaye ya afka masa da ƙarfi, an fitar da mai gudun, kuma idan abin ya yi muni a kore shi daga wasan. Ko da mai tsaron ba shi da ƙwallo, afka masa da gangan na iya jawo kora. Abin da doka ke so shi ne mai gudu ya zame ko ya kauce, ya bar wa alƙali hukunci.

Yadda alƙali ke zartar da hukunci

Idan alƙali ya ga tare hanya, ba ya tsayar da wasa nan da nan. Yana miƙe hannunsa na hagu gefe a dunƙule, ya ambaci laifin, wasa kuma ya ci gaba. Hikimar haka ta yi kama da ta ƙyale wasa ya ci gaba a ƙwallon ƙafa idan tsayarwa za ta amfani mai laifi: kada a hana masu bugu abin da za su iya samu da ƙafarsu.

A wannan lokaci alƙali yana ƙiyasta tashar da mai gudun zai kai da ba a tare shi ba. Idan ya kai ta lafiya, shi ke nan. Idan aka fitar da shi kafin ya kai ta, sai a tsayar da wasa, a soke fitarwar, a ba shi tashar, tare da duk wani mai gudun da tarewar ta shafa. Babban ginshiƙin dokar shi ne ba a fitar da mai gudu tsakanin tashoshi biyun da aka tare shi.

A ɗauka ana wasa tsakanin 'yan mata na makarantun sakandare biyu a Wuse. Wata mai gudu tana tasha ta ɗaya, aka buga ƙwallo can nesa. Ta wuce tasha ta biyu, sai ta yi karo da mai tsaron da ba ta riƙe da ƙwallo, ta yi tuntuɓe ta ci gaba. Abu uku na iya biyo baya. Idan ƙwallo ta riga ta isa tasha ta uku da taku ɗaya, alƙali zai ba ta tashar, domin karon ne ya ci mata wannan takun. Idan ƙwallo ta riga ta da nisa sosai, har ya tabbata ko ba karo ba za ta kai ba, ba za a fitar da ita ba, amma za a mayar da ita tasha ta biyu. Idan kuwa ta isa ta uku lafiya, ta zarce gida aka fitar da ita, alhali alƙali ya ƙiyasta ta uku ce iyakarta, fitarwar ta zauna, domin ta wuce inda kariyar ta tsaya.

Kariyar tana da togaciya. Ba ta rufe mai gudun da ya yi katsalandan bayan an tare shi, ko ya wuce abokinsa da ke gabansa, ko ya tsallake tasha bai taka ba, ko ya bar tasha kafin a taɓa ƙwallon da aka kama a sama, matuƙar masu tsaro sun jawo hankalin alƙali yadda doka ta tanada.

Hukunce-hukuncen da suka yi fice

A ranar 26 ga Oktoban 2013, wasa na uku na ƙarshen gasar besbol ta ƙwararru a Amurka ya ƙare da hukuncin tare hanya. Will Middlebrooks na Boston Red Sox ya faɗi a tasha ta uku yana neman kama jifar da ta kauce, sai Allen Craig na St. Louis Cardinals ya yi tuntuɓe da ƙafafunsa. Ƙwallo ta riga Craig isa gida, amma alƙalin tasha ta uku, Jim Joyce, ya riga ya nuna laifin, aka ba Cardinals makin, suka ci 5 da 4. Muhawarar da ta biyo baya ta ta'allaƙa ne a kan ko Middlebrooks ya yi da gangan, alhali doka ba ta tambayi niyya ba.

A sofbol, wasan farko na ƙarshen gasar jami'o'in Amurka ta mata a watan Yunin 2025, tsakanin Texas da Texas Tech a birnin Oklahoma, ya sake tayar da batun. An fitar da wata 'yar Texas Tech a tasha ta biyu, amma bayan duba bidiyo alƙalai suka soke fitarwar, suka ce an tare ta kafin ƙwallo ta iso. Ita ce ta ci makin farko a wasan, ko da yake Texas ta farfaɗo ta ci 2 da 1. Gasar jami'o'in tana bin nata kundin, wanda a lokacin ya fi tsananta wa mai tsaro game da inda zai ajiye ƙafarsa a bakin tasha. Wannan ya sa ya zama wajibi koci ya san kundin da gasarsa ke bi tun kafin a fara wasa.

Abin da ake ƙalubalanta da wanda ba a ƙalubalanta

Dokokin sofbol sun raba hukuncin alƙali gida biyu. Akwai hukuncin ganin ido, akwai kuma na fassarar doka.

Hukuncin ganin ido ya haɗa da ko jifa ta shiga inda ya dace, ko ƙwallo ta faɗi cikin fili ko waje, ko mai gudu ya riga ƙwallo isa, da ko an tare hanya ko ba a tare ba. Tashar da alƙali ya ƙiyasta mai gudu zai kai ita ma tana cikin wannan rukuni. Ba a karɓar ƙorafi a kan ko ɗaya daga ciki, komai ƙarfin hujjar koci.

Ana karɓar ƙorafi idan alƙali ya yi wa doka mummunar fassara, ko ya yi amfani da dokar da ba ta dace da lamarin ba, ko ya yanke hukuncin da ba shi doka ta tanada ba. Ana kuma karɓa a kan sanya ɗan wasan da bai cancanta ba.

Bambancin yana fitowa ne daga bakin alƙalin kansa. Idan ya ce bai ga an kawo wa mai gudu cikas ba, magana ta ƙare. Idan kuwa ya ce ya ga mai gudu ya kauce wa mai tsaron da ba shi da ƙwallo, amma bai hukunta ba saboda ba a taɓa juna ba, ko saboda ba da gangan ba ne, to ya faɗi abin da ya saɓa wa doka, kuma ƙofar ƙorafi ta buɗe. Shi ya sa ƙwararrun masu horarwa ba sa fara da musu. Suna tambayar alƙali abin da ya gani, sannan su tambaye shi dokar da ya dogara da ita.

Masu bin ƙwallon ƙafa sun san irin wannan rabe-raben. A 2005, a wasan neman gurbin gasar cin kofin duniya tsakanin Uzbekistan da Bahrain, alƙali ya soke bugun daga kai sai mai tsaron gida da Uzbekistan ta ci saboda ɗan wasanta ya shiga da'ira da wuri, ya ba Bahrain bugun tazara maimakon a sake bugun. FIFA ta ɗauki wannan a matsayin kuskuren doka, ta soke wasan da Uzbekistan ta ci 1 da nema, ta ce a sake. Aka tashi 1 da 1, daga baya Bahrain ta wuce. Ƙungiyar da ta kai ƙara ita ce ta yi asara, abin da ke nuna ƙorafi ma yana buƙatar lissafi.

Matakan ƙorafi

Koci ne ke magana da alƙali a madadin ƙungiya. Yana neman a dakatar da wasa bayan ƙwallo ta tsaya, ya jira a ba shi izini, sannan ya nufi alƙalin da ya yanke hukuncin. Yana iya roƙonsa ya tuntuɓi abokan aikinsa idan akwai abin da ya shige masa duhu, kamar ƙwallo ta suɓuce daga hannun mai tsaro a ɓangaren da ba ya gani. Alƙalin ne kaɗai ke da ikon neman wannan shawara da kuma sauya hukuncinsa. Wani alƙali ba ya soke hukuncin ɗan'uwansa.

Idan bayan haka koci yana ganin an saɓa doka, sai ya sanar da alƙalin gida cewa ƙungiyarsa tana ci gaba da wasa ne bisa ƙorafi. Lokaci a nan yana da tsauri. Dole sanarwar ta zo kafin jifa ta gaba. Idan lamarin ya faru a ƙarshen zagaye, sai ta zo kafin masu tsaron cikin fili su fice, idan kuma a wasan ƙarshe ne, kafin alƙalai su bar fili. Ƙorafin rashin cancantar ɗan wasa ne kaɗai wannan iyaka ba ta shafa ba.

Alƙalin gida zai sanar da kocin ɗaya ɓangaren da mai rubuta sakamako, a rubuta halin da wasa ke ciki: zagaye na nawa, mutum nawa aka fitar, su wa ke kan tashoshi, da lissafin jifar mai bugu. A manyan gasanni, jami'an fasaha da ke bakin fili suna yanke hukunci nan take kafin a ci gaba. A wasannin lig da na makarantu kuwa ana biyo bayan sanarwar da takarda cikin wa'adin da masu shirya gasar suka sanya. Takardar tana ɗauke da rana da lokaci da wurin wasan, sunayen alƙalai da mai rubuta sakamako, lambar dokar da ake ganin an saɓa, hukuncin da aka yanke, da bayanin abin da ya faru.

Sakamakon ƙorafi iri uku ne. Idan aka yi watsi da shi, sakamakon wasa ya zauna. Idan aka amince an yi kuskuren doka, ana gyara hukuncin, a ci gaba da wasan daga daidai inda kuskuren ya auku, duk abin da ya biyo baya kuma ya rushe. Idan aka tabbatar an sanya ɗan wasan da bai cancanta ba, ana ba ɗaya ƙungiyar nasara.

Akwai iyaka ga abin da alƙali zai jure. Zagi, ko taɓa jikin alƙali, ko nacewa a kan hukuncin ganin ido bayan gargaɗi, duk suna jawo kora. Ƙungiyar da ta ƙi komawa fili bayan alƙali ya ba da umarnin ci gaba tana iya rasa wasan, kuma a sofbol ana rubuta irin wannan rashin nasara da ci 7 da nema.

Darasi ga makarantu da ƙananan ƙungiyoyi

A wasannin makarantu da na unguwa, inda sau da yawa alƙali ɗaya ko biyu ne ke lura da fili duka kuma babu bidiyo, rigakafi ya fi magani. Mai tsaro ya saba da tsayawa a gefen tasha, ya bar wa mai gudu hanya har ƙwallo ta shiga safar hannunsa. Wanda ba shi da aiki a wani bugu ya janye daga hanyar gudu. Mai gudun da aka tare ya ci gaba da gudu zuwa tasha ta gaba ba tare da tsayawa gardama ba, amma ya saurari kocinsa kafin ya wuce ta, tunda bai san iyakar da alƙali ya ƙiyasta masa ba.

Masu shirya gasa kuma su bayyana tun a taron farko kundin dokokin da za a bi, wanda zai saurari ƙorafi, da wa'adin miƙa takarda. Koci ya riƙe kwafin kundin a bakin fili, domin tsakanin hukuncin alƙali da jifa ta gaba, daƙiƙoƙi kaɗan ne yake da su.